Rigar Kwandasta da Aka Yi Sadaka da Ita

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma wanda ke Bichi da wanda ke Barking ta London duk layi ɗaya suke bi. Taubashina ya riga mu. Ya tafi a tsakiyar sanyin bana, da hantsi, yana zaune a kujerarsa yana jiran shayi ya huce. Shayin ya huce bai samu mai sha ba. Allah Ya ba shi hutu, in har ya yarda ya huta, don ni ban taɓa ganin ya yi ba.

Na zauna makoki tun ranar farko a flat ɗinsu. Takalma suka cika baranda har maƙwabcin sama ya ce zai kira council, wato hukumar unguwa. Karatuna gajere ne, aji huɗu na yi aka cire ni, amma kunnena lafiyarsa ƙalau, kuma na ji abin da kowa ya faɗa. Wani likita daga Tottenham ya ce shekara da shekaru bai taɓa shiga masallaci ya tarar da marigayi a sahu na biyu ba. Gaskiya ne. Wata nas 'yar Filato, maƙwabciyarsu, Kirista ce, ta zauna a bakin ƙofar kicin tana kuka har ta fi 'yan gida. Ta ce duk lokacin da mijinta ya yi a asibiti, Alhaji ne yake fitar mata da shara ya mayar da kwandon, bai taɓa ce mata ga abin da ya yi ba. Wannan ma gaskiya ne. Ɗalibai suka ce shi ya koya musu hawan tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffi suka ce an yi rashi, suka miƙa hannu cikin dabino.

Sai babban ɗansa, likitan haƙori, ya gyara zama, ya gaya wa baƙi rabi da Hausa rabi da Turanci cewa mahaifinsa babban jami'i ne a harkar sufurin birnin nan, kuma bayan ritaya ya ci gaba da ba da lacca a gidan tarihi. Na ƙware da ruwan da nake sha. Aka yi ta bubbuga mini baya ana cewa, "Sannu Baffa, haƙuri, baƙin ciki ne."

Ba baƙin ciki ba ne. Ƙarya ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Bari in faɗi matsayina don kada wani ya ce tsoho ya yi rashin ta-ido a kan mamaci. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a al'adarmu bawana ne, ko da ya girme ni. Bawa nake kiransa tun muna yawo ba wando, shi kuma yana ce mini Ubangidan Tsiya. Tsakanina da shi wasa halal ne, kuma ban ji malamin da ya ce mutuwa tana soke shi ba.

To, Bawana direban bas ne. Kusan shekara talatin yana juya sitiyari a gabashin London, da ruwa da ƙanƙara, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Da ya yi ritaya, duk mun ɗauka zai yi abin da dattijo mai hankali yake yi: ya zauna kusa da hita, ya saurari rediyo, ya zagi gwamnatin gida. Sai ya je ya nemo wa kansa aiki a wani gidan tarihi can bakin kogi. Ba irin wanda ake zuba tukwane a cikin gilashi ba. Wannan unguwa ce guda aka gina kamar ta zamanin kakanninsu, da gidan burodi, da shagon magani, da ofishin 'yan sanda, mutane kuma su sa kayan da, su yi ta harka kamar yau ba ta zo ba. Suna da tsohuwar bas mai hawa biyu da take zagaya harabar ta dawo inda ta tashi. A cikin wannan motar Bawana ya zama kwandasta. Duk Asabar. Kyauta.

Ku duba mini wannan lissafi. A ko'ina a duniya yaron mota ne yake addu'ar ya zama direba. Shi ya yi direba ana biyansa, ya yi aikin hajji, ya aurar da 'ya'ya, sannan ya koma yaron mota ba ko sisi, a motar da ba ta zuwa ko'ina.

Ranar da na fara ganinsa, da gangan na je, don in samo abin tsiya na shekara guda. Na tarar da shi tsaye a bayan motar cikin wata baƙar kwat mai nauyi, doguwa har gwiwa, maɓallanta na tagulla suna ƙyalli, ga hular hana-salla a kai, ga abin huda tikiti a rataye. Na ce, "Bawa, lalacewar ta kai haka?" Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce da Turancin mutanen da in matsa ciki, akwai wuri a sama. Ashe doka ce: muddin kana cikin rigar, kana cikin zamaninta, ba ka san kowa na yau ba. Na ce masa da Hausa, "Ni ne fa, ubangidanka." Ya miƙo hannu ya ce tikiti. Mutumin da na yi wa rakiya ɗaurin aurensa! Ya ja igiyar ƙararrawa sau biyu, mota ta tashi, na faɗa kan wata Baturiya mai kwando.

Wata guda ban yi masa magana ba. Da muka shirya, a gidan suna a Thamesmead, na tambaye shi, "Yanzu tsakaninka da Allah, a wancan zamanin da kuke kwaikwayo, akwai baƙi irinka a bayan mota?" Ya ce, "Wannan su ya dama, su da littattafansu. Ni abin da na sani, ƙararrawa ɗaya tsayawa, biyu tashi." Na ce to me ya kai shi. Ya daɗe yana ɓare goro, sannan ya ce, "Ubangidan Tsiya, shekara talatin ina cikin akwatin gilashi. Mutum dubu su shiga su fita, ba wanda ya san ko ina da hanci. Yanzu kowa sai ya dubi fuskata ya ce na gode." Na ce ashe na gode ce take ciyar da shi. Ya ce, "Kai me take ciyar da kai, ban da bakinka?"

Sallar la'asar a bayan gidan burodin yake yi. Ya juya hana-sallar baya, ya shimfiɗa darduma. Ya ce sau da yawa yakan sallame ya tarar da baƙi sun yi da'ira suna ɗaukar hoto, sun ɗauka cikin wasan ne. Wani ma ya tambaye shi ƙarfe nawa za a sake. Ya ce masa da faɗuwar rana.

Amma akwai abin da na gani da idona wanda ya sa na rage tsiyar, ban dai daina ba. An kawo tsofaffi daga gidan kula da su. A ciki akwai wata tsohuwa da hankalinta ya riga ya yi nisa. Tana shiga motar nan, ta ga kujerun, ta ga rigar, sai ta ɗauka da gaske ne. Ta riƙe hannun Bawana ta ce ya sauke ta a layinsu, uwarta tana jiranta. Masu kula da ita suka fara lallashi suna cewa su sauka. Ya ɗaga musu hannu. Ya zauna kusa da ita, abin da kwandasta ba ya yi, ya tambaye ta sunan layin, ya ce saura kaɗan. Mota ta yi ta zagaya haraba, yana kiran sunayen tashoshin da ya sani tun yana direba, tana gyaɗa kai, har barci ya ɗauke ta a kafaɗar rigar. Bai motsa ba sai da aka zo da keken guragu. Da muka fito na ce, "Bawa, ka yi wa tsohuwa ƙarya." Ya ce, "Na ce saura kaɗan. Ina ƙaryar?"

Sai kuma halinsa a kan kayan mutane, wanda shi ne ya jawo mini wahalar da zan faɗa. Yana da wata magana da duk wanda ya zauna da shi ya haddace: "Abin mutane garwashi ne, ba a kwana da shi a aljihu." In aka aiko musu da abinci, a ranar za a wanke kwanon ya mayar da kansa. Ya taɓa hawa mota biyu daga Barking zuwa Thamesmead don ya mayar mini da lemar da ƙarfenta biyu sun karye, wadda na ba shi don in rabu da ita.

Ranar jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda yake bin marigayi wani abu, ko ya ba shi ajiya. Shiru. Muka ce alhamdu lillahi, ya tafi wuyansa sakayau. Ba wanda ya tuna cewa mutanen gidan tarihin ba sa nan, don ba wanda ya gaya musu. Mu muna binne namu kafin su gama shan shayi.

Bayan sadakar uku sai ga wata Baturiya, ita ce shugabar masu aikin sa-kai a can. Ta zo da furanni, ta shigo da takalmi har kan kafet, ta ga idon mutane, ta koma ta cire. Ta yi gaisuwa yadda ta iya, kuma hawayenta na gaske ne. Da za ta tafi, ta ja babban ɗan gefe, ni kuma kujerata tana gefen. Ta ce ba ta so ta ɗaga maganar a irin wannan lokaci, amma rigar tana gidan nan. A ƙa'ida ba ta fita daga wurinsu. Shafinta ne ya yage, shi kuma ya ce bai yarda da ɗinkinsu ba, ya roƙa ta ba shi ya gyara da hannunsa. Ta ce ba kwaikwayo ba ce, ta ainihi ce, ta wani kwandasta ce na wancan zamanin, jikarsa ce ta kawo musu ajiya. Ta ce ba gaggawa.

Ɗan ya ce mata ba damuwa. Ya shiga ciki, ya fito fuskarsa ta canja. Tun a ranar ukun an kwashe tufafin marigayi kaf an yi sadaka da su, kamar yadda muke yi.

Daga nan aka fara gwada haƙurina. Na same shi a mota washegari na ce, "Ɗana, sai a nemo rigar mutane." Ya amsa da Turanci, yadda suke yi in ba sa son magana ta shiga jikinsu, ya ce ya riga ya yi musu email, Baturiyar ta ce ba komai, kuma zai yi musu donation mai kauri. Na ce, "Kuɗi suka ba ubanka aro?" Ya ce, "Baffa, please." Na ce, "Ita wannan da ta ce ba komai, tata ce? Ajiyar wata ce a hannunta, ta ba ubanka, amana a kan amana. Kunya ce ta sa ta faɗa, ba yafiya ba." Ya riƙe sitiyari, sannan gaskiyar ta fito. Ya ce in aka shiga masallatai ana cigiyar rigar kwandasta, me mutane za su ce? Kowa ya ji abin da ya faɗa a makoki. Na ce, "Au, laccar." Ya ce in bar maganar.

Ina so a fahimce ni. Yaron nan yana son ubansa. Shi ya wanke shi, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Amma a duk shekarun nan bai taɓa taka ƙafa a gidan tarihin ba. Ya fi son uban da ya ƙera a bakinsa a kan wanda Allah Ya ba shi. Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni shi ne arba'in tana matsowa, za a taru a dafa shinkafa a ce Allah Ya sa ya huta, alhali mutumin da bai iya kwana da kwanon maƙwabci ba yana kwance da rigar mutane a wuyansa.

Na je wurin matarsa. Tana takaba, ba ta fita, saboda haka na zauna a falo, tana daga cikin ɗaki, 'yarta tana bakin ƙofa. Na yi gaisuwa, na zagaya, na zagaya, na iso. Na ɗauka za ta ce kuskure ne, rigar ta shige cikin kaya ba a lura ba.

Ta ce, "Baffan yara, da hannuna na cire ta. Ita na fara cirewa."

Na ce, "Hajiya, kin san ko mece ce?"

Ta ce, "Na fi kowa sani. Ni nake ganinsa daren Juma'a yana goge maɓallan nan kamar zai kai su gaban alƙali. A lokacin manyan rigunansa na shadda suna nan a ninke, ba ya ko kallonsu. In za a yi wa mutum sadaka, ba abin da ya fi so ake bayarwa ba?"

Na ce, "Haka ne. In nasa ne."

Ta ce, "Mutum ya yi wa mutane bauta shekara da shekaru, ba albashi, ba ko kuɗin mota, a ce rigar ma ba tasa ba ce?"

Wallahi ni kaina na sha faɗin abin da ya fi wannan. Sai da na yi ta bayani, na kawo mata maganarsa ta garwashi, sannan na ji ta ja numfashi. Ta ce ladanin masallacinmu na Tottenham ta aika wa, don shi ne yake tsayuwa a waje cikin sanyi. Ta ce amma ita ba za ta aika a karɓo ba, ba ta taɓa bayarwa ta karɓe ba, ba kuma za ta fara a kan mijinta ba. Ɗa ya ce kunya, uwa ta ce kunya. Kunyar kowa ta fi ƙarfin wuyan mamaci. Aka bar ubangida da aikin bawansa.

Ranar Asabar da safe na nufi Tottenham. Ladanin mutumin zangon Kumasi ne, dattijo, yana gadi a wani wurin ajiye motoci. Tun daga nesa na hango rigar. Sai na ga kamar Bawana ne, don tsayinsu ɗaya. Yana tsaye a bakin shinge, maɓallan suna ƙyalli, ya ɗora hular sanyi a kai.

Muka gaisa. Ya shafa ƙirji ya ce, "Alhaji, riga nan, shi yana da zafi kamar bargo. Kullum na sa shi, na yi ma Baba addu'a." Na ce Allah Ya karɓa. Na tsaya ina kallon motoci. Ban taɓa sanin magana tana da nauyi haka ba. Da na faɗa, ya ja baya ya ce, "Ei! Sadaka ana karɓa shi baya?" Na ce, "Malam, kai ne mai karatu, ni aji huɗu na yi. Mutum yana sadaka da abin da ba nasa ba?" Ya ce a'a. Na ce, "Mamaci yana hutawa da ajiyar mutane a kansa?" Ya ce a'a. Ya fara ɓalle maɓalli na sama, iska ta kaɗo daga titi, ya tsaya.

Ya ce, "Alhaji, ni na ji shari'a. Amma sanyi, shi bai ji ba."

Na dubi abin da ke ƙarƙashin rigar: wata 'yar suwaita ce da ta sha wanki. Na dubi kaina. Ina sanye da kwat ɗin da 'yata ta saya mini bara, mai gashi a ciki, wadda na yi ta yi wa Bawana burga da ita. Na zagi Bawa a zuciyata zagi mai kyau, na tuɓe. Ladan ya ce, "A'a, Alhaji, a'a," yana cewa yana zura hannu. Ya ce to yanzu wa zai riƙa yi wa addu'ar. Na ce ya ci gaba da yi wa marigayi, ni ina da sauran lokaci.

Ya ce in sa ta kwandastan mana kafin in isa. Ni? A tube? Kuma ma ba a sa amana. Na ninke ta a leda, na rungume, na shiga jirgi da kaftani da 'yar shara, haƙorana suna kaɗa kalangu. Wata yarinya ta tashi ta ba ni kujera, ta ɗauka ciwo ne.

A gidan tarihin Baturiyar ta fito da sauri. Ta sa safar hannu kafin ta taɓa rigar da ladan ya yi sati yana cin gyaɗa a cikinta. Ta buɗe ciki, ta ga ɗinkin shafin, ƙanana, a jere, ya gama aikinsa tsaf. Ta daɗe tana kallo. Ta yi godiya ta juya za ta tafi. Na ce, "Tsaya, ba a gama ba." Na yi mata bayani da Turancina na kasuwa cewa a wurinmu sai an faɗa da baki, a gaban shaidu, cewa an karɓa kuma ba a bin sa komai. Ta ce ai ba sa bin sa komai, su ne ma yake bi. Na ce ban tambaye ta wannan ba. Ta leƙa waje ta kirawo waɗanda ke kusa: wani tsoho cikin kayan ɗan sandan da, da wata mata mai gidan burodi, gari har gwiwar hannu. Ban san hukuncin irin waɗannan shaidu ba, kuma ban tambayi liman ba, don kada ya ɓata mini aiki. Ta faɗa da Turanci. Na ce ta maimaita da Hausa, don can inda yake ban tabbata yana sauraron Turanci ba tunda ya tuɓe rigar. Ta ce, "Mun karɓa. Mun yafe." Harshenta ya karya kalmomin, amma sun fita. Ɗan sandan ya cire hularsa. Mai burodin ta ce duk Asabar shi yake fara ce mata ina kwana, ta goge ido da bayan hannu ta bar gari a fuska.

Na tambaya ko za su rataye ta a inda mutane za su gani, a rubuta sunansa. Ta ce a'a, za a samu wani mai aikin sa-kai ya sa, in an dace da mai tsayinsa. Amma kafin nan, duk tufar da ta fita waje sai an ɗaure ta a leda an sa a firiza na wani lokaci, don a kashe ƙwan asu. Na ce a ina? Ta ce a firiza. Ina tsaye ina rawar ɗari, na ba da rigata don in ceto wannan, su kuma za su sa ta a ƙanƙara. Na ce Allah Ya ba da sa'a, na fito. A haraba motar tana zagayawa ba kowa a bayanta, direban ne yake leƙowa yana cewa a riƙe ƙarfe.

Daga can Barking na wuce, don in sauke wa Hajiya labari. Ɗan yana falo yana danna waya. Na ce masa, "An mayar." Bai ɗago ba, ya ce, "Thank you, Baffa." Sai can ya ce, "Wani ya gan ka?" Ban amsa ba, don in na amsa sai an yi sabon makoki.

Na zauna a inda na zauna rannan. Na ce, "Hajiya, an karɓa, an yafe, da shaidu." Maganar firiza na bar ta a cikina. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya fita ke nan." Sai 'yar ta ce, "Mama, Baffa fa ba riga a jikinsa, rawa yake yi." Ta tambayi ina tawa, na ce tana Tottenham tana gadi.

Ta ce, "Subhanallahi. Tsaya in ɗauko maka ɗaya daga cikin na Alhaji."

Na ji ta tashi. Na ji takunta zuwa sif ɗin kaya, na ji ƙofarsa ta buɗe, na ji maratayan ƙarfe suna karo da juna, su kaɗai. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Tun ranar rasuwar ana yaba mata dauriya, ana cewa ko hawaye ba ta yi ba. 'Yar ta shiga da gudu ta turo ƙofa. Ɗan ya ajiye wayar.

Na lallaɓa na sa takalmina, na fita cikin iska.

Bawa, na sauke maka. Ka tafi ka bar ni da mura, da ɗanka mai lacca, da Asabar da ban san abin da zan yi da ita ba tunda babu wanda zan je in yi wa dariya. Ya Allah, direban bas ne, kwandasta ne, bai ci abin kowa ba. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya zuciyar matarsa. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya kuma duba gidansa ko akwai kwanon mutane.